Duk Saƙo Gidan Abdulbaƙi

Duk wanda ya taɓa zama a dogon benen nan na Taman Melati a Malesiya, da 'yan Najeriya suka yi wa yawa, ya san Abdulbaƙi. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, domin mutum ne da ba ya iya hawa lif ya sauka bai bar wa mutanen ciki wani labari a kan kansa ba. Ya gama digiri na biyu a fannin kwamfuta, wannan gaskiya ne, ba mai yi masa musu. Inda ake fama da shi shi ne tun kafin sakamako ya fito ya raɗa wa kansa Injiniya, in kuwa ka kira shi da zallar sunansa sai ya yi kamar ba da shi kake ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Bizarsa ta ɗalibta za ta ƙare bayan ƙaramar Sallah. Ko dai kamfanin yadudduka da yake koyon aiki a Jalan Tuanku Abdul Rahman ya ɗauke shi ya yi masa takardar ma'aikaci, ko kuwa ya koma ƙarƙashin bizar matarsa Zuhra, wadda ke tsakiyar karatun dakta, ya zama difendan, wato mijin da ke zaune a ƙasar albarkacin matarsa. Wannan hanya ta biyu kuwa shi da kansa ya toshe ta da bakinsa, saboda maƙwabcinsu Mika'ilu.

Mika'ilu mutum ne mai sanyin hali, ya daɗe yana zaune a bizar matarsa. Shi ke cefane, shi ke kai yara makaranta, kuma abin bai taɓa damunsa ba. Abdulbaƙi ne abin ya dama.

"Malam Difendan, an fito? Yau me Hajiya ta ce a sayo, kifi ko albasa?"

"Duka biyun, Injiniya. In taho maka da wani abu?"

"Ni? Ranar da ka gan ni riƙe da kwandon cefane a garin nan, ka cire min hula a gaban jama'a. Na yafe."

Mika'ilu ya yi murmushi ya ce to, ya ji.

Aikin da aka ba Abdulbaƙi a kamfani bai kai bakinsa girma ba. Kamfanin yana sayar da yadi da mayafai da labule ta intanet. In mutum ya saya, shafin kamfanin sai ya tura saƙo, saƙon ya faɗa wata manhaja da ke zaune a tsakiya, ita kuma ta rarraba aiki: ta gaya wa 'yan sito su naɗe kaya kaza, ta gaya wa 'yan babur masu kai kaya inda za su nufa. Kamar ɗan kamasho take a tasha, ba ta da mota ba ta da fasinja, amma in ta ruɗe kowa ya sauka garin da ba nasa ba. Kowane saƙo yana da cikinsa, inda aka rubuta abin da aka saya. Yana kuma da wurare biyu da ake maƙala masa ƙarin bayani, ɗaya a goshinsa, shi 'yan sana'a ke kira heda, ɗaya a aljihunsa, shi ne furofati. A wannan kamfani sunan mai kaya da adireshinsa da lambar wayarsa duk a aljihu ake sa su.

Shugaban sashen kwamfuta, Encik Hafiz, ɗan Malesiya ne mai ƙarancin magana. Ana tsakiyar azumi, ciniki ya kankama, ya kira Abdulbaƙi ya ce ya rubuta ɗan gajeren umarni, sikirif ke nan a bakinsu, wanda zai ɗauko adireshi daga kowane saƙo ya ɗora a takardar da ake manna wa kaya.

Ya ce da Turancinsa mai lah a wutsiya, "Na turo maka bayanin yadda saƙonninmu suke. Ka karanta tukuna. In aikin ya yi kyau, sai mu yi maganar ɗaukarka. Boleh?" Wato zai yiwu?

Abdulbaƙi ya ce, "Boleh, boleh. Irin wannan ina shekarar farko na bar yin sa."

Bai karanta ba. Karanta bayani a ganinsa aikin masu koyo ne, ya manta shi ma koyon ya zo. Ya zauna ya kaɗa yatsu, ya rubuta sikirif ya ce masa ya je goshin saƙo ya ɗauko adireshi. Sikirif ya je goshi, ya dawo da abin da suke kira nul, wato wayam, ko ƙura babu. Ya sake turawa, ya sake dawowa hannu biyu. Encik Hafiz yana zaune a teburin da ke kallonsa, tambaya ɗaya za ta raba gardama, amma akwai 'yan mata biyu ma'aikata a gefe, kuma jiya-jiya ya gama gaya musu cewa a Najeriya shi ake kira in kwamfutar banki ta ƙi tashi.

Sai ya yanke hukunci cewa laifin saƙonnin gwaji ne, su ne aka yi su babu adireshi, na gaskiya in sun zo za su zo da shi a goshi. Don dai gwaji ya wuce, ya ƙara layi ɗaya: in ka duba ba ka ga komai ba, sa wannan. Ya rubuta sunansa, da hawa na sha huɗu, da lambar ɗakinsu, da wayarsa. Ya danna. Allo ya yi kore shar, takarda ta fito da adireshi cikakke. Da ya ga abin ya yi masa kyau, sai ya kwafi layin ya kai wa sashen da ke tura ƙorafin masu saye, don shi ma ya yi kore.

Ranar Alhamis ce da yamma, gobe hutun Nuzul Quran, ya haɗe da Asabar da Lahadi. Encik Hafiz har ya rataya jaka, iyalinsa na jiransa a mota za su tafi ƙauye. Ya leƙo allon.

"Adireshin wane ne wannan?"

"Na gwaji ne."

Wannan kam bai yi ƙarya ba. Encik Hafiz ya ce bagus, wato ya yi kyau, ya ba shi izinin ɗora sikirif a kan manhajar gaske, ya fice. Ofis ya watse, amma sito ba ya hutu a watan azumi.

A jirgin ƙasa na LRT Abdulbaƙi ya fara ba da labari, ya ƙarasa a lif.

Da hantsin Juma'a aka ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ɗan babur ne da hular kwano a kansa, riƙe da ƙunshi mai tambarin kamfani, ga sunan Abdulbaƙi ɓaro-ɓaro. Zuhra ta farke leda, sai ga mayafai masu duwatsu, irin waɗanda ta daɗe tana kallo a kanti tana wucewa. Aka yi dace Iya Zainabu tana tsaye a barandar. Iya surukar Mika'ilu ce, ta zo daga Kano wankan jegon 'yarta, jego ya ƙare ita ba ta ƙare ba, har ta zama mai unguwar hawan gaba ɗaya.

Iya ta ce, "Ikon Allah. Wa ya aiko?"

Abdulbaƙi ya dubi tambari, ya dubi sunansa, kansa ya fasu. "Kamfani ne, Iya. Haka al'adarsu take. In ma'aikaci ya yi musu abin da ya gagare su, sai su fara da ɗan abin hasafi kafin maganar muƙami."

Ya laluba aljihu ya miƙa wa ɗan babur tukwici, kamar yadda ake yi wa ɗan aike a gida. Mutumin ya dubi hannunsa, ya dubi Abdulbaƙi, ya karɓa ya yi gaba yana waiwaye.

Kafin a tafi masallaci wasu uku sun zo. Bayan an sauko Juma'a kuwa sai da Abdulbaƙi ya riƙa tsallake ƙunshi kafin ya kai ƙofarsa. Ga dogayen rigunan mata, ga dardumai, ga zannuwan maza, ga wata baƙar hular 'yan Malesiya da ya kafa a kansa nan take. Maƙwabta suka fito, kowa na sa albarka.

Zuhra ta ɗaga wata 'yar riga da ba ta fi tafin hannu biyu ba. "Injiniya, har da ta jariri. Mu da ba mu da ɗa."

"Fata suke mana."

"Wannan fa? Mutum uku irina za su shiga cikinta."

"Ita ma fata ce. Ke dai komai sai kin yi research a kansa."

Iya ta gyara tsayuwa ta ce, "Ɗan nan, wannan arziki ya fi ƙarfin ɗaki ɗaya. A fitar wa maƙwabta, Sallah ta matso."

Ba sai ta maimaita ba. Abdulbaƙi ya sa aka jawo masa kujera bakin ƙofa ya zauna yana rabo, yana kiran sunaye ɗaya-ɗaya. Wannan darduma, waccan mayafi. Da aka zo kan Mika'ilu ya zaɓo masa zanen maza.

"Na zaman gida ne, Malam Difendan. Ya dace da aikinka."

Ana cikin haka wasu 'yan babur biyu suka shigo da wani naɗi a kafaɗa, dogo kamar gungume. Aka warware, sai ga yadi kore mai ratsin zinariya, bandir guda cur. Mata suka matso suna kallon kyansa. Iya ta shafa, ta murza bakinsa da yatsu.

Ta ce, "Wannan ai ba na mutum ɗaya ba ne. Anko ne. Ku miƙo min almakashi."

Almakashi ya shiga yadi ke nan wayar Abdulbaƙi ta yi ƙara a aljihu. Ta daɗe tana yi, murna ce ta hana shi ji. Ya duba, saƙonni ne jere da harshen Malay, kuma duk ɗan Malay ɗin da ya iya ya ishe shi gane su. Mana barang saya? Ina kayana? Wani ya ce an rubuta masa an kai, shi bai ga kowa ba. Wata ta ce waye Abdulbaƙi, me ya haɗa shi da rigar jikarta. Nan layin nan ɗaya da ya ƙara a sikirif ya faɗo masa a rai.

Iya tana yanka tana ƙirga mata. "Zane da kallabi, zane da kallabi. Injiniya, Allah ya ƙara buɗi."

Ya ce amin, da wata murya da ba tasa ba.

Mai hankali da nan zai kira Encik Hafiz ya ce na yi ɓarna. Abdulbaƙi ma ya fito da lambar, ya zuba mata ido. Sai fuskar Mika'ilu da kwandon cefane suka gifta masa, ya mayar da waya aljihu.

Da sassafen Asabar ya ɗauki kwamfuta ya kulle kansa a banɗaki. Ya sake tura sikirif goshin saƙo, ya dawo wayam. Ya zage shi, ya sake turawa, haka dai. Ya buɗe bayanin da Encik Hafiz ya turo, ya ga shafukan da yawa, ya ce wannan sai mai lokaci, ya rufe. Sai wata dabara ta zo masa, har ya yi wa kansa murmushi a madubi. Tunda ba zai iya hana kaya zuwa ba, zai sauya musu wurin sauka. A ƙasan benen akwai zauren taro, dewan suke ce masa, ba kowa ke shiga ba, kuma yana da ɗan ɗakin ajiya a kusurwa. Ya goge lambar ɗakinsu ya rubuta dewan. Kaya su taru can a ɓoye, ranar Litinin da asuba ya san yadda zai mayar da su. Waɗanda ya rabar kuma, wannan ya bar wa Litinin ɗin ta yi tunaninsa.

Zuhra ta buga ƙofa. "Lafiya dai?"

"Meeting nake."

"A banɗaki?"

"Network ya fi ƙarfi a nan."

Ya karɓo mukullin ɗakin ajiya wajen mai gadi, ya wuni da azumi a bakinsa yana taren 'yan babur a bakin get yana jidar kaya. Ya tarar da kujeru da teburan taro a ciki, ya danna su can ƙurya ya jibga kaya a kansu. La'asar ba ta yi ba sai da ya sa kafaɗa kafin ƙofar ta rufu. Tukwici kuwa tuni ya daina bayarwa.

Yana jingine da ƙofar yana haki sai ga Malam Ɗan'azumi, shugaban 'yan Najeriyan benen, mutumin da ba ya ganin abin alheri ya ƙyale shi bai yi masa taro ba.

"Injiniya, kai nake nema. Shan ruwan jama'a na gobe, da a ɗakina za a yi, amma mun zauna mun ga bai dace ba. Abin da ka yi wa mutane sai an fito fili an yi maka godiya. Nan dewan za a yi. Mata ma sun ce da ankonsu za su zo."

Abdulbaƙi ya ce, "Ranka ya daɗe, zauren nan ai zafi gare shi."

"An gyara fanka."

"Sauro fa?"

"Za a sa turare. Buɗe min nan in ga kujerun ko za su isa."

Abdulbaƙi ya ƙara manne bayansa da ƙofa. "Kujeru kuma? A watan azumi? A shimfiɗa tabarmi mana, kamar a gida. Ya fi albarka."

Malam Ɗan'azumi ya girgiza kai cike da sha'awa. "Ga arziki ga tawali'u. Sai na faɗi wannan gobe."

Abdulbaƙi ya ruga sama don ya sake sauya adireshi, ya tarar 'yan sito sun riga sun buga takardun kayan gobe sun manna. Ya zauna bakin gado da hular a hannu.

Zuhra ta dube shi ta ce, "Kyautar ta tsaya ne yau?"

"Na ce su dakata haka. Ba na son a yi mini baki."

Ran Lahadi da yamma dewan ya cika. Maza a gefe guda, mata a ɗaya gefen, kore shar tun daga Iya har amaryar da ta zo watan jiya, kallabi kowa da irin ɗaurinta. An jera kunun gyaɗa da ƙosai da dabino, ga abincin da samari suka yo tapau, wato suka sayo a ƙunshe, daga kasuwar azumi. Malam Ɗan'azumi ya miƙe ya yi jawabi, ya ce yau Allah ya ɗaga martabar ɗan Najeriya a ƙasar mutane. Sannan ya roƙi Injiniya ya ɗan yi wa jama'a bayanin aikin da ya jawo wannan alheri.

Tsoro dai yana cikinsa, amma an miƙa masa makirfo, kuma Abdulbaƙi bai taɓa mayar da makirfo ba.

"Abin da ake kira middleware, ba kowace ƙwaƙwalwa ke ɗaukarsa ba. Saƙo yana zuwa, ni kuma sikirif ɗina kallo ɗaya yake masa ya san gidan da za shi. Tunda na ɗora shi, ba a taɓa samun saƙon da ya rasa wurin zuwa ba."

Aka tafa. Ta bayan masu tafin ya hango ɗan babur a bakin ƙofa da ƙunshi. Ya yi masa alama da hannu ya koma, mutumin ya ɗauka kira ne ya shigo. Na biyu ya biyo shi. Kafin Abdulbaƙi ya ƙare jimla sun yi layi har waje, ga kuma wata babbar mota tana ja da baya tana ƙara, cike da labulen wani otal.

Wani ya ce daga cikin maza, "Kai, wannan kamfani akwai son ma'aikaci."

Nan Iya ta ce ita gwiwarta ta gaji da tabarma, a samo mata kujera. Mika'ilu, da yake ya saba da aike, ya tashi ba tare da kowa ya lura ba, ya karɓo mukulli na biyu wajen mai gadi. Abdulbaƙi ya juyo daidai lokacin da mukulli ya juya. Ƙofar ba ta jira a ja ta ba. Kaya suka kwararo, ƙunshi bisa ƙunshi, suka ture Mika'ilu ya zauna, wani naɗin labule ya gangaro tsakiyar zaure ya kifar da kwanon ƙosai.

Malam Ɗan'azumi ya ce a hankali, "Injiniya, wannan ma rabo ne?"

Abdulbaƙi ya buɗe baki, kuma wallahi da alama e zai ce. Sai aka yi sallama a ƙofa.

Wata dattijuwa ce 'yar Malesiya, gajera, da tabarau da jakar hannu, 'ya'yanta mata biyu a bayanta. Sunanta Makcik Rosnah. Wayarta ta nuna mata an kai kayanta wannan bene, wani Abdulbaƙi ya karɓa. Da ƙorafinta ya ƙi samun amsa sai ta nemo mai kamfanin da kansa, shi kuma ya taso Encik Hafiz daga ƙauye. Ga Encik Hafiz ɗin nan a bayansu da jakar kwamfuta, fuskarsa babu alamar ya sha hutu.

Makcik Rosnah ba ta dubi tarin kaya ba. Ɓangaren mata ta duba. Ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga kallabi har bakin zane. Sannan ta yi magana a nutse, Zuhra kuma, da ta fi kowa jin Malay, ta tsinci kanta tana fassara da murya ƙasa-ƙasa.

"Ta ce su ma suna da ankonsu na Sallah, sedondon suke ce masa, gida guda launi guda. Ta ce wannan yadin na gidanta ne, tun daga mijinta har jikoki. Ta ce shi ne bandir na ƙarshe a kantin, kuma telanta yana jira tun shekaranjiya."

Matan suka fara jan mayafi suna rufe kallabi, kunya ta kama kowa, sai Iya.

Iya ta ce, "Gaya mata ni kyauta aka ba ni, a gaban shaidu. Wanda ya ba ni ga shi can da makirfo."

Encik Hafiz ya cire takalmi, ya zauna a tabarma tsakanin kunu da dabino, ya buɗe kwamfuta. Ya yafito Abdulbaƙi. Makirfon yana hannunsa bai kashe ba, don haka duk abin da aka faɗa zaure ya ji.

"Ka karanta bayanin da na turo?"

"Na... na duba shi sama-sama."

Encik Hafiz ya buɗe shafin farko ya nuna masa layin farko. An rubuta cewa adireshin mai kaya yana cikin furofati, ba ya cikin heda. Ya koma kan sikirif, ya sauya wurin da ake nema daga goshi zuwa aljihu, ya goge layin Abdulbaƙi, ya danna. Adireshi suka fara zubowa a allo, Gombak, Kajang, Shah Alam, kowane saƙo da gidansa.

Abdulbaƙi ya leƙa ya ce, "Ai dama nan na nufa. Saura ƙiris."

Malam Ɗan'azumi ya tashi ya zare makirfon daga hannunsa.

Aka kira salla a masallacin unguwa. Ba a taɓa shan ruwa shiru irin na ran nan ba. Iya ce ta matsa ta miƙa wa Makcik Rosnah dabino, ta zuba mata kunun gyaɗa. Dattijuwar ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta dubi ɗaurin kallabin Iya ta tambayi yadda ake yin sa. Kafin a tashi sallah sun yanke hukunci tsakaninsu, Zuhra na tsakiya tana kai magana tana dawo da ita, ba ta ɓatar da ko ɗaya ba. Abin da aka yanka an yanka. Kamfani zai nemo wa Makcik wani launin. Amma ta ce duk wadda ta ɗaura koren gidanta ta zama 'yar gida, ranar Sallah tana son ganinsu a falonta da shi. Shi kuwa mai kyauta, jajibirin Sallah ya zo ya tuƙa mata dodol, wata alewarsu da ake wuni ana juyawa a kan wuta har kafaɗa ta mutu.

Abdulbaƙi ya bi Encik Hafiz har bakin mota. "Maganar aikin fa, sir?"

"Gobe ka bi motar sito, ka mayar wa kowa kayansa da hannunka, ka ba shi haƙuri. Waɗanda ka rabar ka karɓo su."

"Boleh. In na gama kuma sai..."

"Tak boleh lah," in ji Encik Hafiz, wato ba zai yiwu ba, ya ja ƙofa.

Mayar da kaya bai yi masa ciwo ba kamar karɓo kyauta. Ƙofa-ƙofa ya bi yana sallama, a gidajen da ya zauna kan kujera yana kiran sunayensu. Wani ya ce darduma har ya yi tarawihi a kanta, ladan na wa ke nan. Wata ta ce mayafin ta riga ta ɗauki hoto da shi ta tura gida. Mika'ilu ne kaɗai bai bari an tambaye shi ba, ya kawo zanensa a ninke cikin ledarsa, kuma wannan ya fi duk maganganun zafi.

Dodol ya tuƙu. Sallah ta zo, mata suka tafi falon Makcik Rosnah kore shar, aka ce sun fi 'yan gidan kyau a hoto. Abdulbaƙi bai iya ɗaga hannu ya yi musabaha ba sai bayan kwana biyu. Duk da haka an ji shi a lif yana gaya wa wani baƙo cewa, in ana maganar saurin kai kaya ƙofa, har yanzu ba a yi sikirif irin nasa ba.

Bayan 'yan makonni, da hantsi, aka ƙwanƙwasa. Ya buɗe ya ga ɗan babur da ambulan, ya yi baya da sauri.

"Ba nan ba ne. Wallahi ba nan ba ne."

Zuhra ta leƙo ta bayansa ta karanta. "Nan ne, Injiniya. Wannan kam naka ne."

Fasfonsa ne aka dawo da shi daga ofishin jami'a, da sabuwar biza manne a ciki, sunan Zuhra a sama, nasa a ƙasa. Ya daɗe yana kallon shafin. Ransa ya ɓaci, ga kunya, ga kuma wani sanyi da bai so ya amsa ba, domin ko ba komai ba za a raba shi da matarsa ba. Zuhra ta rataya jakar makaranta, ta ce tana da ganawa da malaminta, ta ɗan dafa kafaɗarsa ta wuce.

Bai kai ga rufe ƙofa ba sai ga Mika'ilu da kwanduna biyu. Ya miƙo masa ɗaya.

"Hajiya ta ce kifi da albasa. Mu je da wuri, na safe ya fi kyau."

Abdulbaƙi ya karɓa. Barandar cike take da maƙwabta, Iya ma ta fito da kujerarta. Ya tuna alkawarinsa, ya sunkuyar da kai ya miƙa wa Mika'ilu ya rufe ido.

Mika'ilu ya kai hannu kan hular, ya gyara mata zama.

Ya ce, "Bar ta. Rana ake yi, kuma kasuwar da nisa."